Baban Walid, ka rabu da wannan ejan ɗin kafin ka loda katan ko ɗaya

Wani ɗan'uwa ne ya rubuto min daga Brescia a ƙasar Italiya, zan kira shi Baban Walid. Ya samu fasfon Italiya shi da yaransa biyu, ya samu aiki a kusa da Dublin ta Ayalan, yana son ya tashi da iyali da kaya a motarsa ta ɗaukan kaya. Mai ɗakinsa fasfon Najeriya ne da ita da permesso, wato takardar izinin zama a Italiya. Akwai kare a gidan, babban kare irin na Jamus ɗin nan, na wani tsoho ne da ya yi wa hidima shekaru har ya rasu, 'ya'yan tsohon suka ce ya riƙe, kuma ƙaramin yaronsa ya shaƙu da shi sosai. Wani ejan ya ce a ba shi Yuro ɗari takwas zai kawo fasfon kare da tambarin allura na baya, kuma su bi ta Calais su tsallaka Ingila don ya fi sauƙin kuɗi. Yayansa kuma daga gida kullum sai ya bugo waya, wai ya yar da najasar nan a hanya ya ɗauki ɗan kawunsu da ke neman mafaka a Italiya a bayan mota. Ya ce min ya rasa barci, saura sati biyu ya fara aiki.

To Baban Walid, Allah ya sanya albarka a wannan aiki. Na san karen ne ya fi tsaya maka a rai da kake rubutun, amma a duk abin da ka lissafa shi ne mafi sauƙin warwarewa. Ejan ɗin nan da maganar Yaya su ne za su iya kai ka gidan yari.

Bari in fara da hanyar da ejan ya zaɓa maka, don a nan na gane mutumin ko dai bai san aikin ba ko kuma ya sani bai damu da kai ba. Tun da Ingila ta fice daga Tarayyar Turai, kai kanka mai fasfon Italiya sai ka nemi izinin shiga na ETA ta intanet, an fara wannan da Turawa tun Afrilun 2025. Maman Walid kuwa biza cikakkiya take buƙata, permesso ɗinta ba ya aiki a can ko na minti ɗaya, kuma jami'an Ingila a nan Calais suke zaune, tun kafin ka hau jirgi za su juyo da ku. Ga kwastan sau biyu da mota cike da kayan gida. Me ya kai ka? Akwai jirgin ruwa da ke tashi daga Cherbourg a arewacin Faransa kai tsaye zuwa Dublin ko Rosslare, Irish Ferries da Brittany Ferries na yin hanyar, kwana ake yi a ruwa, wajen awa goma sha bakwai zuwa sha tara. Tikitin ya fi tsada, gaskiya ne, amma daga Tarayyar Turai ka tashi a Tarayyar Turai ka sauka.

Sai dai ko ta Cherbourg ɗin ma kada ka yi sake, mutanenmu da yawa sun ɗauka tunda Ayalan tana cikin Tarayyar Turai shikenan permesso ya wadatar. Ayalan ba ta cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake ketare iyakokinsu ba tare da duba fasfo ba. Akwai wani katin zama na musamman na iyalin ɗan Tarayyar Turai wanda ake ɗauke wa mai shi biza, amma ba kowane permesso ba ne, don haka ka ɗauki hoton katinta gaba da baya ka tura wa ofishin jakadancin Ayalan da ke Rum su amsa maka a rubuce. In biza ce sai ta nema a matsayin matar ɗan Tarayyar Turai, wannan ba a biyan kuɗi a kanta, ku dai tanadi takardar aure da fassararta. Duk wanda ya ce maka zai "gyara hanya" a tashar jirgi ƙarya yake.

Yanzu karen. Abu na farko da ba ka ambata ba a wasiƙarka, kuma na tabbata shi ne zai fara kama ka, sunan wa ke kan maikrocip ɗin da ke wuyansa? In har yanzu sunan marigayin ne a rijistar karnuka ta yankinku, to a takarda wannan ba karenka ba ne. Ka je sashen dabbobi na ATS, wato hukumar lafiya ta yankinku, da ɗaya daga cikin 'ya'yan tsohon ko da takardar da suka sa wa hannu a mayar da shi sunanka, kuma a nan ɗin ne ake ba da fasfon dabbobi na Tarayyar Turai, shuɗin ɗan littafin nan, kuɗinsa bai kama ƙafar ɗari takwas ɗin da ake nema a wajenka ba.

Allurar haukan kare ita ce ta ƙi yarda da sati biyunka. In ba a taɓa yi masa ba, ko an yi amma wa'adin ya wuce ba a sabunta ba, to daga ranar da aka yi sai ka ƙirga kwana 21 kafin ya tsallaka iyaka, kuma dole ne cip ya riga allurar shiga jikinsa. Wannan kwana 21 ɗin shi ne ejan yake son ya sayar maka da tambarin bogi. Na ga inda irin wannan ya kai wani iyali. Sun iso tashar jirgi da daddare bayan tuƙin kwana biyu, matar da ke wajen tantance tikiti ta miƙo na'urar karanta cip ta taga ta ce a shafa a wuyan karen, lambar da ta fito daban, ta cikin littafin daban, don ejan fasfon wani kare ya goge ya cike. Jirgi ya tashi ya bar su, tikiti ya ƙone, yara na kuka a mota, aka kira lambar ejan wayar a kashe. Kuma waɗannan sun yi sa'a ne da aka gano tun a Faransa, da a Ayalan aka kama sai a mayar da karen ko a killace shi kai ne mai biya, in abin ya ɓaci ma suna da ikon kashe shi.

Akwai kuma maganin tsutsar ciki, wanda Ayalan ke cikin ƙasashe ƙalilan da suka wajabta shi. Likitan dabbobi ne zai ba shi maganin mai ɗauke da praziquantel ya rubuta rana da awa a fasfon ya buga tambari, kuma sai ya kasance tsakanin awa 24 zuwa awa 120 kafin ku sauka a Ayalan. Ka lura da kyau, lokacin sauka ake ƙirgawa. Daga Brescia zuwa Cherbourg ya haura kilomita dubu ɗaya, da yara da kare da mota mai nauyi kwana biyu ne, ga kwanan ruwa, in ka ba shi maganin da wuri sannan iska ta sa aka ɗaga jirgin sai ka ga awa 120 ta cika kana tsaye a tasha. Ka bari sai jajibirin tashinku, ka kuma rubuta adireshin wani likitan dabbobi a Cherbourg ko Caen ka ajiye. Wajen kare a jirgi, ɗaki ne ko keji, ƙalilan ne kuma da wuri suke ƙarewa, ka kama shi lokacin sayen tikiti.

Irin karenka yana cikin jerin waɗanda dokar Ayalan ta sa wa sharaɗi, in za a fita da shi sai da takunkumi a baki da gajeriyar igiya da ba ta wuce mita biyu ba, kuma mai riƙon ya haura shekara 16, wato Walid ba zai fita da shi shi kaɗai ba. Lasisin kare a gidan waya ake yanka, Yuro 20 a shekara. Abin da ya fi wannan duka wuya shi ne gidan haya, Dublin ko babu kare samun gida tashin hankali ne, masu gida da yawa kuma ba sa karɓar dabba. Kada ka ɓoye, a rubuta a yarjejeniya.

Shi ya sa shawarata ita ce ka raba tafiyar biyu. Kai ka hau jirgin sama ka je ka kama aikinka a ranar da aka sa, ka nemi lambar PPS, wato lambar haraji da hulɗa da gwamnati a Ayalan, ka nemi gida, in kwana 21 ta cika bizar Maman Walid kuma ta fito, sai ka dawo ka kwashe su. Motar ma tana da nata, cikin kwana 7 da shigarta za ka nemi ranar duba ta, cikin kwana 30 a gama rijista, kuma in ka mallake ta kana amfani da ita fiye da wata shida kana iya neman a yafe maka harajin rijistar mota da ake kira VRT a matsayin mai sauya mazauni, ka adana takardun saye da na inshora. Ka tuna a hagu ake tuƙi can. Rijistar AIRE kuma, ta 'yan Italiya mazauna ƙasashen waje, ka san ta, cikin kwana 90 da komawarka ake yin ta.

Sai maganar Yaya, kuma a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari, duk da na san nauyin faɗa wa babba a'a. Ɗan kawun nan an riga an ɗauki zanen yatsunsa a Italiya, ko ya shiga Ayalan kwamfuta za ta nuna, ƙarshenta a nemi mayar da shi inda ya fito ya kuma ɓata shari'arsa da ke tafiya. Kai kuwa sunan abin da za ka yi safarar mutane, 'yan sandan Faransa na buɗe bayan motoci a Cherbourg, a ƙwace motar, a ɗaure ka, yaranka na kallo. Kuma awa goma sha takwas a kulle a ƙasan jirgi inda ba a barin kowa ya sauka ba wasa ba ne, a watan Disambar 2001 gawar mutum takwas aka samu a kwantena a Wexford, har da yara. Yaya yana gida a kan tabarmarsa yana ba da umarni ta waya, in aka kama ka ba shi zai kwana a sel ba, kuma kuɗin da kake turawa duk wata ranar za su tsaya. Ka faɗa masa haka da ladabi, ka ce Yaya ka yi haƙuri wannan ba zan iya ba, in taimako ne zan biya wa yaron lauya a Italiya. Haka ma katan ɗin saƙo da jama'a za su fara kawowa da sun ji za ka tafi da mota, duk wanda ba a buɗe a gabanka ba kada ya shiga.

Batun najasa kuwa, mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya malamanmu ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Akwai maganar malamai a kan ajiye kare cikin ɗaki ba don gadi ko kiwo ko farauta ba, wannan ka zauna da malamin da ka yarda da shi, ka ware masa wajen kwana nesa da inda kuke sallah. In ka ga ba za ka iya riƙo ba ka mayar wa 'ya'yan tsohon ko ka nemo wanda zai karɓa a canza suna a rijista. Amma buɗe ƙofa a tura shi a gefen babbar hanya zalunci ne kuma cin amana ne, a dokar Italiya ma laifi ne ƙarƙashin sashe na 727, da ɗauri ko tara, kuma cip ɗin zai nuna daga gidan da ya fito.

Gobe da safe ka ɗauki littafin allurar karen ka duba ranar da aka yi masa ta ƙarshe, ka kira ATS a ba ka rana, ka tura wa ofishin jakadanci hoton katin Maman Walid. In ka riga ka ba ejan kafin alƙalami ka nemi kuɗinka ta saƙon rubutu don ya zama shaida, kuma ko bai mayar ba kada ka miƙa masa fasfon kowa.