An gwada jininmu ba wanda ya dace: asibiti zai dawo mana da kuɗinmu?

Tambaya: Wana yana wankin ƙoda, likitoci sun ce sai dashe. Mu uku ƙannensa aka ɗebi jininmu a wani asibitin kuɗi, muka biya, sakamako ya fito ba wanda ya dace. Yanzu sun kawo wani lissafin wai na maimaita gwaji. Ina so in kai su kotu su dawo da kuɗin duka, tunda ba a yi aikin ba.

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga takardunku ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan na gan su.

Sai dai in fara da inda kake da kuskure. Kuɗin da kuka biya na gwaji ne, ba na dacewa ba. Gwajin HLA, wato gwajin dacewar ƙwayoyin jikin mutum biyu, aikinsa ya duba ko jikin majiyyaci zai karɓi ƙodar mai bayarwa, kuma ko tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya, cikakkiyar dacewa kusan ɗaya cikin huɗu ce. Idan an ɗebi jini, an gwada, an ba ku sakamako, to a idon doka asibiti ya yi abin da aka biya shi. Da wuya alƙali ya ce a mayar da kuɗi don sakamakon bai yi muku daɗi ba, sai fa idan akwai rubutaccen alkawari, abin da nake shakka.

Inda kake da magana shi ne lissafi na biyu, kuma nan ma sai an tantance. Gwaje-gwajen ba iri ɗaya ba ne. Nau'in HLA na mutum gado ne, ba ya canzawa, don haka sake cajin ku a kansa yana buƙatar dalili: ko jinin farko ya lalace a hannunsu, ko an koma gwaji mai zurfi wanda ya fi tsada. Idan lalacewa ce ta sakacinsu, ban ga dalilin da zai sa ku ɗauki asarar ba. Amma gwajin haɗa jinin majiyyaci da na mai bayarwa, da na ƙwayoyin garkuwar jiki, ana maimaita su bisa ƙa'ida, musamman idan an yi wa majiyyaci ƙarin jini a tsakani. Wasu ɗakunan gwaji suna amfani da lambobin CPT na Amurka, wato lambobin da ake sa wa kowane gwaji a takardar lissafi, inda 81370 take nufin gwajin HLA na sama-sama, 81378 kuma mai zurfi. Lamba ɗaya sau biyu da sunan mutum ɗaya, ita ce abin da lauya zai fara tambaya a kai.

Abin da ke ba ni haushi da wasu asibitocin shi ne su rubuta jimla a 'yar takarda su miƙo, kamar cefanen kasuwa. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta a yi wa majiyyaci bayanin kuɗin da magani zai ci, kuma kundin haƙƙin majiyyata na 2018 ya tanadi lissafi a bayyane. Ka rubuta wa shugaban asibitin ka nemi lissafi dalla-dalla, da kwafin kowane sakamako, da dalilin maimaitawa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Idan yana da inshora, ka duba takardar tsarinsa kafin ka sa rai, domin tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta ware dashe daga abubuwan da take biya.

In sun yi biris, akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, akwai kuma zauren sasanci na kotu, irin wanda ake da shi a Kano. Ni dai ba zan ba ka shawarar shigar da ƙara yanzu ba. Shari'a na iya cin shekaru, kuɗin lauya na iya zarce abin da kake nema, ga shi wan naka har yanzu yana hannun likitocin nan duk mako. Ka nemi a cire abin da aka maimaita ba dalili, ko a mayar da shi cikin kuɗin wankin ƙodarsa, a rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu.