Amsar tambayarka a kan sunan da za a sa wa jariri

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso ni. Ka ce mai ɗakinka ta shiga watanta, kuma har yanzu ba ku tsayar da magana a kan suna ba. Kai kana so ka yi wa mahaifinka takwara idan namiji aka samu, ita kuma ta tattaro sunaye daga intanet, kowanne da ma'anarsa mai daɗi a gefe. Sai ka tambaye ni ko sa wa yaro sunan magabaci al'adarmu ce mu kaɗai, kuma wanne ya fi nauyi, ma'anar suna ko mutumin da aka ci sunansa. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin abu ne da yaron zai ɗauka tun daga zanen goyo har zuwa likkafani, kuma ba a shawarce shi ba.

Bari mu bi sawun suna guda ɗaya tukuna. A yaren Ibrananci akwai Yohanan, wato Ubangiji ya yi alheri. Da ya shiga bakin Girkawa sai ya zama Ioannes, mutanen Rum suka karɓa a Latin, daga nan ya watsu a Turai tare da addinin Kirista. Yau Bature na Ingila yana cewa John, Bafaranshe Jean, ɗan Sifaniya Juan, ɗan Italiya Giovanni, Barashe Ivan, Bajamushe Johann ko Hans, ɗan Ayalan Sean. Kiristocin Larabawa suna cewa Yuhanna, wanda shi ne Yohanna a bakinmu, kuma annabin da suke nufi shi ne Alƙur'ani ya kira Yahaya ɗan Zakariyya. Tara Ivan da Sean da Giovanni a ɗaki ɗaya, da wuya su san cewa takwarorin juna ne, balle su tuna da alherin da ke cikin sunan. Haka suna yake, kamar kwabon da ya sha hannu har rubutun jikinsa ya shafe, amma ana ci gaba da ciniki da shi.

George a asalin Girkanci manomi ne, Philip mai son dawaki, Peter kuwa, wanda muke ce wa Bitrus, dutse. Sarakuna shida na Birtaniya sun amsa sunan George, kuma babu wanda aka sa wa don a yi masa fatan riƙe fartanya. An sa musu ne saboda wani George da ya gabace su. Yusuf ma haka: asalinsa Yosef, ma'anarsa Allah ya ƙaro, kuma Attaura ta ce mahaifiyarsa Rahila ce ta roƙi a ƙara mata wani ɗa. Amma idan aka sa wa yaro Yusuf, ko José a Meziko, ko Giuseppe a Italiya, abin da ke zuciyar iyaye shi ne annabin da aka jefa rijiya ya yi haƙuri, ko kuma wani kaka da ya rasu. Ka ga kenan kowane suna yana da ma'ana biyu: wadda ke cikin ƙamus, da dalilin da ya sa iyaye suka zaɓe shi. Ta biyun ce ke raye.

Sunayen Musulunci ma sun yi irin wannan tafiya, kowace al'umma ta lanƙwasa su yadda harshenta zai iya. Muhammadu ya zama Mehmet a Turkiyya, Mamadou a Senegal da Mali, Mamman a wurinmu. Abubakar shi ne Bukar na Barebari, Buba na Fulani, Habu namu. A'isha ita ce Ayşe a Istanbul, Aissatou a Gine. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Fatima. Akwai gari a Fotugal mai wannan suna, gadon zaman da Musulmi suka yi a yankin. A shekarar 1917 wasu yara uku makiyaya suka ce Maryamu ta bayyana gare su a can, garin ya zama wurin ziyarar mabiya Katolika, kuma tun daga lokacin Kiristoci a Fotugal da Brazil suke sa wa 'ya'yansu mata Fátima.

Idan ka bi sunayen duniya ka tone tushensu, rijiyoyin da ake ɗebo su ba su da yawa. Ta farko addu'a ce da godiya. Abdullahi da Abdurrahman, Theodore na Girkawa da Bogdan na Silabawan gabashin Turai waɗanda su biyun suke nufin kyautar Allah, Isma'ila wato Allah ya ji, Chukwuemeka na Ibo, da duk sunayen Yarabawa da ke farawa da Oluwa, duk daga nan suke. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Ta biyu ita ce yadda yaro ya zo duniya. Mutanen Akan na Gana suna bin ranar haihuwa: Kofi Annan an haife shi ranar 8 ga Afrilu 1938, wadda ta kama Juma'a, shi ya sa ya zama Kofi, wato Ɗanjuma ke nan. Sunansa na tsakiya Atta, domin 'yan biyu ne shi da 'yar'uwarsa. Kwame na Asabar ne, Kwadwo na Litinin. A tsibirin Bali na Indunusiya ɗan fari Wayan, na biyu Made, na uku Nyoman, na huɗu Ketut, mace ko namiji, idan an samu na biyar sai a sake komawa Wayan. Japanawa suna da Ichiro da Jiro da Saburo, ɗa na ɗaya da na biyu da na uku, daidai da Lawal da Sani da Salisu da muka aro daga ƙidayar Larabci. Yarabawa kuwa Taiwo da Kehinde ne tagwayensu, wanda ya biyo bayansu Idowu, kamar Gambo.

Ta uku ce nake so ka tsaya ka dube ta da kyau, domin ita ce ke sa mutum ya daina raina sunan kowa. Kafin zuwan rigakafi da magungunan zamani, yara da yawa ba sa kai shekara biyar, a ko'ina cikin duniya. Uwar da ta binne uku ko huɗu a jere, idan ta sake haihuwa ba kyan suna ne a gabanta ba, so take wannan ya tsaya. Mutanen Mongoliya suna da Nergui, wato marar suna, da Enebish, ba wannan ba ne, da Terbish, ba wancan ba ne, har da Khunbish, ba mutum ba ne. Ka kwatanta uwa cikin tanti da dare, jariri a ƙirjinta, ta yi imani akwai wani abu da ke yawo yana neman ɗanta. Idan abin ya tambayi wa ke nan, amsar da sunan zai ba shi ita ce ba wannan ba ne, wuce gaba. Yarabawa suka zaɓi lallashi: Malomo, kada ka sake tafiya, Durojaiye, tsaya ka ji daɗin duniya. Ibo suka roƙi mutuwar kanta: Onwubiko, mutuwa don Allah, da Ozoemena, kada a sake. Yahudawan gabashin Turai sukan kira jariri Alter, wato tsoho, don mala'ikan mutuwa ya zo neman yaro ya tarar da sunan dattijo. Mu ma Ajuji daga wannan tsoron ya fito, a nuna kamar ba a damu da yaron ba ko ya tsira. Waɗannan mutane ba su haɗu sun yi shawara ba, zafin rashin ɗa ne ya koya musu dabara iri ɗaya. Ban ce imanin da ke ƙarƙashinta daidai ne ba, rai a hannun Allah yake. Amma duk inda ka ji suna mai kama da zagi, ka tausaya wa uwar da ta sa shi.

Yanzu ga batun takwara da ka tambaya kai tsaye. Ba mu kaɗai ba ne. A Girka ɗan fari namiji bisa al'ada sunan kakansa na wajen uba yake ci, shi ya sa za ka samu 'ya'yan wa da ƙani duk suna ɗaya. Yahudawa sun kasu biyu: Safardawa, waɗanda asalinsu Sifaniya ne, suna sa sunan kaka yana raye don girmama shi, Ashkenazawa na Turai kuwa ba sa sa sunan mai rai, sai wanda ya rasu. Yarabawa ba sa maimaita sunan ma, sai su ce Babatunde ko Yetunde, baba ya dawo, iya ta dawo. A ƙasar Sin abin ya juya gaba ɗaya. Girmama babba a wurinsu shi ne a guji sunansa, kada a furta, kada a rubuta, balle a sa wa jariri. Bayan rasuwar sarki Li Shimin na daular Tang a shekarar 649, sai da aka canza sunan wata ma'aikatar gwamnati daga Minbu zuwa Hubu, don kawai tana ɗauke da harafi ɗaya na sunansa. Idan ka lura, mu mun haɗa hanyoyin biyu ne: mu sa wa yaro sunan kaka, sannan kunya ta hana mu faɗa, sai ya tashi ana kiran sa Abba, ita kuma Ummi.

Kada ka ɗauka ina cewa ma'anar ƙamus ba komai ba ce. Larabawan jahiliyya suna sa wa 'ya'yansu Harb, yaƙi, da Murra, ɗaci, da Sakhr, dutse, don su tsorata abokan gaba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza irin waɗannan. Buhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo wurinsa, ya tambaye shi sunansa, ya ce Hazn, wato ƙasa mai tauri da wuyar bi. Ya ce masa a'a, kai Sahl ne, mai sauƙi. Mutumin ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Jikansa, babban malamin Madina Sa'idu ɗan Musayyib, ya ce tun daga nan tauri bai bar gidansu ba. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ya ce suna linzami. Amma ka lura da uzurin Hazn: bai ce sunan yana da daɗi ba, cewa ya yi ubansa ne ya sa masa. Ko a wannan labarin, ma'anonin nan biyu ne ke jayayya.

Masu mulki ma sun san nauyin suna, shi ya sa idan suna so su karya mutane ta nan suke farawa. Bayin da aka kwashe zuwa Amurka an raba yawancinsu da sunayensu, duk da haka wasu suka tsira: Cudjoe, jagoran bayin da suka ƙwaci kansu a Jamaika har Ingila ta yi yarjejeniya da shi a 1739, Kwadwo ne, ɗan Litinin. A 1940 Japan ta matsa wa Koriyawa su ɗauki sunaye irin nata. A tsakanin 1984 da 1985 gwamnatin Bulgeriya ta tilasta wa Turkawan ƙasar sauya sunayensu, kuma a 1989 sama da mutum 300,000 suka tsallaka zuwa Turkiyya. Shi kuwa ɗan damben nan da ya musulunta, a 1964 ya ajiye Cassius Clay, ya ce sunan bauta ne, ya zama Muhammad Ali. Wasu ƙasashen kuma don kare harshe suke sa hannu: Aislan ta kafa kwamitin tantance sunaye a 1991, kuma akwai yarinyar da ta yi shekara 15 ana rubuta mata "yarinya" kawai a takardun hukuma saboda an ƙi amincewa da sunanta, sai a 2013 kotu ta ba ta gaskiya.

Game da jerin da mai ɗakinka ta tattaro, kada ka yi watsi da shi, domin ita ta ɗauki cikin kuma tana da haƙƙi a maganar. Sai dai ku bi shi a hankali. Masu irin waɗannan shafuka sukan kwafi juna, kuma kusan kowane suna sai su ce yana nufin fure, ko haske, ko gimbiya. Ku kai sunan wurin wanda ya san harshen da aka ce daga cikinsa ya fito, ya rubuta muku shi da haruffansa na asali. Ga misali: Asiya matar Fir'auna, wadda aka yabi imaninta, da Asiya mai saɓo, sunan da Annabi ya cire wa 'yar Umar ya mai da ta Jamila, a boko rubutunsu ɗaya ne, a Larabci kuwa kalmomi ne biyu daban. Haka kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani ba ya mai da ita sunan kirki, domin a ciki akwai sunayen azaba da na azzalumai.

Ni dai idan namiji ne, ina goyon bayan sunan mahaifinka, ba don ɗan'uwana ne kawai ba. Ranar da yaron ya yi wayo ya tambaye ka dalilin sunansa, kana da mutum sukutum da za ka ba shi labarinsa, halinsa da sana'arsa da yadda ya riƙe ku. Ita kuma ta zaɓi sunan da za a riƙa kiran sa da shi a gida. Idan mace ce, a ganina ka bar mata zaɓin, ko daga danginta ko daga jerin nata, in dai an tantance shi. Duk wanda kuka tsayar, ku zaɓi rubutu ɗaya tun a takardar haihuwa ku riƙe shi, domin Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wurin kwamfutar ofishin fasfo mutum uku ne.

Ka gaishe min da ita da kyau, Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu. Da zarar ta haihu ka kira ni, ko da tsakar dare ne.

Baffanka.