Me ya sa ƙaramar mota a gem take da wuyar riƙewa?

Tambaya: Ina yawan buga wasannin tseren mota. Duk sanda na ɗauki ƙaramar mota, da na ɗan taɓa sitiyari sai ta ƙwace, ta juya baya ko ta kife a kwana. Siffarta ce ke jawo haka, ko hannuna ne bai faɗa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, motar da kake gani a allo ba ita kake tuƙawa ba. Bodin, fenti da fitilu riga ce kawai. A ƙarƙashinta akwai wani akwati da ido ba ya gani, da lissafin nauyi, riƙon taya da ƙarfin inji. Su ke yanke yadda motar za ta yi a kwana.

Dubi Rocket League, wasan da ake buga ƙwallo da motoci, wanda kamfanin Psyonix ya fitar a 2015. Motocinsa na da yawa, amma an kasa su gida 6 ne bisa irin wannan akwati, kuma iyakar gudunsu ɗaya. Motocin Octane da Fennec akwatinsu ɗaya, duk da haka za ka iske 'yan wasa suna rantsuwa cewa Fennec ta fi daɗin hannu. Ba ƙarya suke ba gaba ɗaya. Bodinta mai kusurwa ya fi dacewa da akwatin ɓoye, don haka inda idonka ya ce ƙwallo za ta bugi mota, nan take bugunta. Ka ga ke nan siffa tana aiki, amma a idonka take yinsa.

A wasannin da ke kwaikwayon mota ta gaske, irin su Forza da Gran Turismo, zarginka na da tushe. Abu na farko shi ne tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan gajera ce, mota tana juyawa da wuri, abin da ke taimako a matsattsiyar kwana. Sai dai da zarar baya ya fara santsi, kafin ka mayar da sitiyari ta riga ta fuskanci inda ka fito. Doguwar mota tana zamewa a hankali, ta ba ka damar gyarawa. Kifewa kuma daga tsayi da rashin faɗi take. Gwada Peel P50 a Forza Horizon 4, wata ƙaramar mota mai taya uku da aka ƙera a tsibirin Man a shekarun 1960, za ka sha dariya. Saboda haka ne masu haɗa wasanni da dama ke sauke cibiyar nauyin mota ƙasa fiye da yadda take a zahiri, don kada ta riƙa wuntsilawa.

Mario Kart 8 nasa daban ne: direba marar nauyi yana saurin ɗaukar gudu, amma direba mai nauyi irin Bowser na goga masa kafaɗa sai ya tsinci kansa a ciyawa.

Ga abin da nake ba da shawara. Shiga saitin wasan ka rage saurin amsawar sitiyari. Idan ana iya ja da kyamara baya, ja ta kaɗan, domin kyamarar da ta matso kusa da ƙasa tana ruɗar ido game da gudu da nisan kwana. Sannan ka gama taka birki tun mota na miƙe, kafin ka karya sitiyari. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne sakin totur gaba ɗaya a tsakiyar kwana: nauyi sai ya koma gaba, tayoyin baya su yi sakayau, motar ta juya. Riƙe totur kaɗan-kaɗan har ka fita. In da madannan kwamfuta kake bugawa, wahalar ta ninku, don maɓalli bai san rabin juyi ba. Riƙa ɗan taɓa shi kana saki maimakon dannewa.