Tambaya da Amsa: Yadda za mu yi hutun kwana uku a Kano, mu da ƙawayena

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Anti. Ni malamar makaranta ce a nan Kano, ina zaune a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Ina da ƙawaye uku da muka yi makarantar kwana tare, ɗaya tana aure a Katsina, ɗaya a Kaduna, ta ukun kuma tana aikin jinya a Jos, kuma na manta rabon da mu haɗu mu huɗu ba a gidan biki ko gidan rasuwa ba. Mun shawarci mazajenmu, sun amince ƙawayen su zo Kano mu yi kwana uku tare, mu yi gyaran jiki, mu zaga gari, mu ci abincin da suka daɗe suna marmari. Da yake ni ce 'yar gari, an ɗora mini nauyin tsara komai, alhali ko Dutsen Dala ban taɓa hawa ba. Ta ina zan fara, kuma yaya za mu yi kada mu rabu a gajiye?

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Wasiƙarki ta faranta mini rai, domin an ce zumunta a ƙafa take, amma mu mata yawanci ƙafar ba ta kai mu ga juna sai inda ake girki da rabon abinci, a gaisa a tsaitsaye a rabu. Shawarata ita ce ki rage yawan wuraren da za ku je, sannan ki kiyaye abin da zai riga wani: yawon gari shi ne a gaba, gyaran jiki kuma shi ne na ƙarshe.

Ki fara da zaɓen lokaci. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu gari yana da sanyi da daɗin yawo, ko da yake akwai ƙura, amma a Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan lokaci babu mai jin daɗin hawan dutse. Ku kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata, domin ranar tsaftar muhalli ce, akan taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, wato daidai lokacin da kuke bukatar fita. Haka nan idan ranar yawonku ta faɗa Juma'a, ku fito daga cikin gari kafin hanyoyin babban masallaci su cika.

Game da masauki kuwa, idan da hali kada ki sauke su a gidanki. Muddin baƙi suna ɗakinki, ke ce a kicin, ke ce a shara, ke ce a hidimar yara, su ma kunya ba za ta bar su su miƙe ƙafa su bar ki da aiki ba, sai hutun ya koma hidimar baƙi. Ku haɗa kuɗi ku kama ɗakuna biyu a otal mai mutunci ko gidan da ake haya na 'yan kwanaki, a wajajen Nassarawa inda babu hayaniya sosai. Ku yanke abin da kowacce za ta bayar tun kafin su taso, ku damƙa shi a hannun mutum ɗaya, domin ba a san ƙarfin aljihun kowa ba, kuma ba ya kyautuwa a tsaya rige-rigen biya a gaban mai a-daidaita-sahu.

Ranar da suka iso kada ki shirya musu fita ko'ina. Mai zuwa daga Jos ta sha hanya, abin da take bukata shi ne wanka da abinci mai ɗumi. Ki aika a sayo tsire da gurasa da magariba, a dafa shayi mai citta da kanumfari, ku zauna a ƙasa ku ci a faranti ɗaya kamar yadda kuke yi a makaranta.

Washegari ce ranar gari. Ku fita da zarar gari ya waye, ku nufi Dutsen Dala tun rana ba ta yi ƙarfi ba, da takalmi maras tudu da gorar ruwa. Akwai matakala, kuma wadda numfashinta ya ɗauke ta zauna ta huta, babu mai jiran ta da agogo. Daga sama za ku hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da rufin gidajen tsohon birni sun bazu iya ganinku, ga hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi daga lunguna. A gindin wannan dutse Kano ta samo asali, a nan tarihi ya ce Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda. Na yi shekaru ina wucewa ta wajen kafin in hau, kuma ranar da na hau ne na fahimci girman garin da nake zaune a ciki.

Idan kun sauko, ku karya da waina da miyar taushe, sannan ku wuce Gidan Makama da ke daura da fadar Sarki. Ginin yana komawa ga zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ku nemi ma'aikacin da zai zaga da ku, domin bayaninsa ne zai sa ku gane tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da makaman yaƙi, da hotunan sarakuna, da labarin shigar Turawa Kano a 1903. Na tabbata ɗakin da aka yi wa jere irin na amaren da shi zai fi riƙe ku, saboda kowacce za ta ga wani abu da ta taɓa gani a ɗakin kakarta.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. A nan nake so ku ɗan daɗe. Marini yana zaune a bakin ramin da aka jiƙa baba da toka, yana tsoma zane yana ɗagowa, zanen ya fito da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonku, ya sake tsomawa har launin ya kai yadda ake so. A gefe kuma za ku ji sautin mabuga suna dukan yadi da guduman itace har ya ɗauki sheƙi. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton kowa, kuma ku sayi ko da ɗankwali ne, domin sana'ar tana fama da ƙarancin masu saye, ramuka da yawa sun bushe. Zane huɗu iri ɗaya zai zame muku ankon da ya fi na kowane biki daraja.

Da azahar ku koma masauki ku kwanta. Bayan la'asar ku shiga Kasuwar Kurmi, ita ma ta zamanin Rumfa, ku sayi jakar fata, da faifai, da kwalli, da kayan ƙamshi, ku biya Agadasawa ku sayi kilishin tsaraba. Kantin Kwari da gidan zu ku bar su sai wani zuwan, domin Kwari kaɗai tana cinye yini. Abincin daren ya zama bandashe, wato gurasar da aka gasa a tanderu aka tsoma a ruwan ɗumi, aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Fura da nono kuwa ku saya inda kuka yarda da tsaftar ruwan da aka dama da shi, domin ciwon ciki ɗaya ya isa ya kwantar da tafiyar baki ɗaya.

Rana ta uku ta jiki ce, kuma ga dalilin da ya sa na ajiye ta a ƙarshe. Halawa tana tsige gashi, dilka tana murje matacciyar fata, abin da ya rage a jiki sabuwar fata ce mai laushi wadda ba ta jure rana da ƙura da gumi. Na taɓa ganin wata ƙawata ta yi halawa da safe ta shiga kasuwa da rana, kafin dare ƙuraje sun feso mata a hannu da ƙafa. Ki nemi mai gyaran jiki tun da saura mako biyu, domin lokacin sanyi lokacin bukukuwa ne, ƙwararrun ba sa zama. Ko ta zo masaukinku, ko ku je shagon da mata zalla ke aiki, kuma ki tambaye ta kai tsaye abin da ta zuba a dilkarta. Kurkum da kanumfari da sandal da mai su ne aka sani, amma wasu suna cakuɗa sinadarin bilicin don a ga haske nan take, wannan kuwa ɓata fata yake yi. Mai juna biyu ta sanar da mai tausa, ta kuma haƙura da sirace da turaren tsuguno. Mai asma ta nisanci hayaƙin, kuma kada a kunna gawayi a ɗakin da aka rufe tagoginsa.

Ƙunshi shi ne ƙarshen komai, saboda man dilka yana hana lalle kamawa idan ba a wanke shi sosai ba, murza kuma tana koɗar da shi. Ku fi karkata ga jan lalle, domin baƙin da ake haɗawa da maganin rina gashi yakan ƙona fatar wasu har ta yi bororo. Ku ci tuwon shinkafa da miyar kuka, ku yi sallar isha'i, ku haɗa kayanku tun hannu yana sake, sannan a zauna ƙunshin. Awa biyu ko uku za ku yi hannu da ƙafa a miƙe, babu mai iya ɗaukar waya, kuma a wannan zaman ne za ki ji ainihin halin da kowacce take ciki a gidanta da wajen aikinta. Ki ajiye zoɓo mai sanyi a kusa, ki roƙi mai lallen ta riƙa miƙo muku kofin.