Tambaya da Amsa: In Gyara Tsohuwar Motata ko In Rabu da Ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 wadda ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi, kuma kuɗin da na tara ba zai sayi ko da 'yar Kwatano ba. Shin in gyara ta, ko in sayar in ƙara haƙuri? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma bar darajar naira a hannun kasuwa a watan Yuni, farashin motocin da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi, domin da dala ake sayo su, da ita kuma ake lissafin kuɗin kwastan. Saboda haka shawarata ita ce ka gyara, muddin tsatsa ba ta ci ƙasan motar ba, kuma giyarta lafiya lau take.

Kafin ka biya ko sisi, ka tsaya bayan motar da safe a tayar da ita, ka dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi sau da yawa alama ce ta ringin fistin da ya cinye, kuma ana iya sauke injin a canza ringin. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa, tare da raguwar ruwan lagireto, yawanci gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone.

Idan bakanike ya ce sai an sauya inji ɗungurungum, kada ka aike shi kasuwar kayan gyara ta Panteka da ke Kaduna shi kaɗai. Ku je tare, kuma ka nemi mai kaya ya rubuta maka kwanakin gwaji a jikin rasit.