Ƙaramar Bindiga Mai Ƙarfi: Me Masu Ita Ke Cewa?

Tambaya: Malam, ina da lasisi, kuma ina niyyar sayen Glock 29, ƙaramar bindigar da ake ɗauka a jiki. Me masu ita ke cewa?

Amsa: Ɗan'uwa, suna yaba ta domin tana ɗaukar harsashi 10 masu faɗin milimita 10 duk da ƙanƙantarta, amma suna kuka da cewa rashin nauyinta yana sa ta girgiza hannu sosai, kuma mariƙinta gajere ne, har ƙaramin yatsa yakan rasa wurin zama, sai harbi na biyu ya kauce. Ina roƙonka ka fara gwada ta a filin koyon harbi. Idan ta fi ƙarfin hannunka, Glock 26 mai milimita 9 ta fi sauƙin sarrafawa.