Lambobin yabon Baba ba su cika a takardar sallama ba: ta ina ake gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina tsohon soja ne, ya yi ritaya da muƙamin saje bayan ya yi aiki a Laberiya da Saliyo, yanzu muna zaune tare a unguwar Kurna a nan Kano. Takardar sallamarsa ta ambaci lambar yabo ɗaya ce kawai, ta ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, alhali yana riƙe da ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda aka maƙala masa a Saliyo. Yana kuma cewa ya cancanci ta doguwar hidima da kyakkyawan hali, sannan akwai ta jarumta da kwamandansa ya yi masa alkawari. Shin ana iya gyara takardar, kuma gyaran zai ƙara masa fansho?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri da ka ɗauki wannan nauyi. Ana iya gyarawa, amma ka sani tun daga farko cewa lambar da ke cikin akwatin Baba ba ita ce hujja a wurin hukumar soja ba. Hujja ita ce rubutaccen umarnin da ya ba shi izinin sanya ta, kuma duk aikin da ke gabanka shi ne gano wannan umarni, ko kuma kawo abin da zai tabbatar da cewa ya kamata a ce an rubuta shi.

Duk abin da ya faru da soja a rayuwarsa ta aiki, ƙarin girma ne, sauyin wurin aiki ne, aure ne, hukunci ne ko lambar yabo, sai bataliyarsa ta buga shi a cikin odar da sojoji ke kira Pat Tu, mai ɗauke da lamba da kwanan wata. Daga nan ake aika kofi zuwa ofishin adana bayanan sojojin ƙasa da ke Lakwaja, a shigar da shi cikin fayil ɗin mutum, kuma daga fayil ɗin ne ake cika takardar sallama ranar da zai ajiye kaki. Abin da bai isa fayil ba, ba zai fito a takardar sallama ba, ko da kuwa dukan bataliya sun shaida an maƙala wa mutum lambar a filin fareti.

Aikin Saliyo na cikin waɗanda irin wannan giɓi ke saurin aukuwa a kansu, kuma dalilin a fili yake. Sojojin Najeriya sun shiga Laberiya a watan Agustan 1990 ƙarƙashin rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma da tutar wannan runduna suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998. Da aka kafa rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta UNAMSIL a watan Oktoban 1999, an mayar da wasu bataliyoyin Najeriya da ke can ƙarƙashinta ba tare da sun dawo gida ba, hula kawai suka sauya zuwa shuɗiya. Sojan da ya yi wannan zama ya yi aiki ne da runduna biyu a tafiya ɗaya, kuma akawun da ke gida yana iya rubuta masa tafiya ɗaya da lamba ɗaya. Ka tambayi Baba ko haka ta faru da shi, domin amsarsa za ta nuna maka shekarar da za a bincika.

Lambobin uku da ka ce ba su fito a takardar ba, ba matsayinsu ɗaya ba. Ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce mafi sauƙi, saboda haƙƙi ce ta duk wanda ya cika kwana 90 a bakin aikin rundunar, ba sai ya yi wata bajinta ba. Tagullar iri ɗaya ce a yawancin ayyukan Majalisar, launin ƙyallen da ake rataye ta da shi ne ke bambanta aikin Saliyo da na Labanon ko Darfur, saboda haka kada a raba ta da ƙyallenta ko da ya koɗe. Idan sunan Baba da lambarsa ta soja suna cikin jerin sunayen bataliyar da ta yi aikin, magana ta kusa ƙarewa. Ta doguwar hidima kuwa ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, har da takardar ɗa'a, kuma hukuncin da aka taɓa yi wa soja tun yana ƙaramin kofur yana iya hana shi ita. Wannan tambaya ce da za ka yi wa Baba cikin ladabi ku biyu kawai, kafin a rubuta abin da fayil zai zo ya ƙaryata.

Ta jarumta ita ce ba zan ɓoye maka ba. Irin wannan lamba tana farawa ne da takardar shawara da kwamanda ke rubutawa a lokacin da abin ya faru, yana bayyana rana da wuri da abin da sojan ya yi, sannan ta hau sama mataki-mataki har a amince. Idan kwamandan ya rubuta kuma an amince, sai dai ba a shigar ba, gyara ne kamar sauran. Idan kuwa alkawarin ya tsaya a fatar baki, ba gyaran takarda ake nema ba, sabuwar lamba ake nema bayan shekaru fiye da ashirin, kuma da wuya a samu. A ganina kada a haɗa ta da sauran biyun a wasiƙa ɗaya, don kada mai rauni ta jinkirta masu ƙarfi. Rashin takarda bai rage komai daga abin da Baba ya yi a fagen daga ba.

Aikin farko a gida yake. Ka zauna da Baba da biro da takarda, ka rubuta lambarsa ta soja daidai yadda take, da shekarar da ya fita daga Defot na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, da kowace bataliya da kamfanin da ya zauna, da watan tashi da watan dawowa na kowace tafiya, da sunayen kwamandojinsa. Sannan ku zazzage akwatin ƙarfen nan da tsofaffin sojoji ba sa rabuwa da shi. Ku nemi takardar shaidar da akan bayar tare da lambar Majalisa, da katin shaida na rundunar, da katin allurar rigakafi, da ambulan ɗin wasiƙun da ya aiko gida. Ku juya bayan kowane hoto, domin sojoji sun saba rubuta wuri da kwanan wata a nan, kuma hoton fareti mai kwanan wata ya fi hoto goma marasa rubutu amfani.

Hanyar da ta fi kowace gajarta ita ce ta abokan aikinsa. Odar lambar Majalisa ba mutum ɗaya ake yi wa ba, jerin sunaye ake bugawa na duk waɗanda suka cancanta a bataliya. Idan ka sami wanda suka yi tafiyar tare kuma tasa takardar ta fito cikakke, akwai yiwuwar lambar odar da kwanan watanta suna cikin takardunsa, kuma da su ma'aikacin adana bayanai zai je kai tsaye inda sunan Baba yake, maimakon ya yi ta laluben kundin shekara guda. Reshen Kano na ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa shi ne wurin neman irin waɗannan mutane, haka ma taron ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da su kowace shekara. Takardar rantsuwa ta kotu tana da amfani wajen daidaita suna, kamar inda aka rubuta Mohammed a wata takarda aka rubuta Muhammadu a wata, amma ita kaɗai ba ta tabbatar da lambar yabo.

Wasiƙar da Turanci za a rubuta ta, gajeriya, shafi ɗaya ya isa, kuma Baba ne zai sa hannu, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma hukuma ta fi sauraron mai fayil fiye da ɗansa. A faɗi lambar yabon da ba ta fito a takardar ba, da aikin da aka same ta, da watanninsa, sannan a jera takardun da aka haɗa. Sashen gudanarwa na hedikwatar sojojin ƙasa a Abuja za a nufa da ita, a aika kofi zuwa Lakwaja. Kafin aikawa ku je hedikwatar Birged ta 3 a Barikin Bukavu da ke Kano, ku nemi a duba muku adireshi da tsarin wasiƙar. Kofi kawai za ku bayar na kowace takarda, na asali ya zauna a gida, kuma duk inda kuka miƙa ku karɓi kofin da aka buga wa hatimin karɓa, da shi za ku bi sawu idan watanni suka wuce shiru. Kada ku wahalar da kanku da rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya, ita da ƙasar da ta ba da sojoji take mu'amala, ba da soja ɗaya-ɗaya ba.

Game da fansho, amsar ita ce a'a. Muƙami da shekarun aiki ake lissafawa, saboda haka Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ba ita ce mai wannan gyara ba. Sai dai idan a wajen bincike kun ga kuskure a ranar ɗaukar aiki ko muƙamin ƙarshe, wannan ya shafi kuɗi, kuma ya cancanci wasiƙa ta daban.

Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya fito muku da sabuwar takarda cikin mako guda, ku rabu da shi. Haka kuma kada kowa ya ɗora biro ko ya goge wani abu a kan takardar sallama ta asali, ko da abin da zai ƙara gaskiya ne, domin takardar da aka taɓa tana iya jawo wa Baba tuhuma ranar tantance 'yan fansho. Idan Allah ya sa an amince, ku nemi a ba ku lambar odar da aka yi gyaran da ita a rubuce, ku yi mata kofi, ku ajiye ɗaya a wurin wanda Baba ya rubuta a matsayin magajinsa.